Tsohon Teku A Cikin Buhun Siminti

Duk wanda ya taɓa zuwa Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano ya san unguwannin da ke kusa da ita. Ga Fagge, ga Sabon Gari. Duk inda mutum ya duba ginin siminti ne: shaguna, benaye, gadoji da magudanan ruwa. 'Yan dako suna ta sauke buhuna daga manyan motoci, fuskarsu ta yi furu-furu da ƙura. Kowane buhu kilo 50 ne.

In aka tambayi ɗan dako abin da ke cikin buhun, zai ce garin dutse ne. Ya faɗi gaskiya. Amma ba dutsen Kano ba ne. Duwatsun ƙasar Kano, irin na Rano da Tiga, da tsakuwar da aka zuba a ƙarƙashin layin dogo, ba a yin siminti da su. Da narkakken dutse suka samu, wanda ya huce ya daskare a cikin ƙasa. Shi kuwa siminti da wani farin dutse ake yin sa, wanda ake kira dutsen farar ƙasa. Yawancin irin wannan dutse a ƙarƙashin teku ya samu. Asalinsa ɓawon dabbobin ruwa ne da suka mutu tun da daɗewa. A cikin dabbobin nan har da murjani.

Murjani dabba ne

Mata sun san murjani. Jan dutsen wuya ne mai tsada, wanda ake sa wa amarya a lefe. Sunan daga Larabci ya zo, shi kansa kayan ma daga arewa ya riƙa zuwa. Ana ciro jan murjani daga Bahar Rum, fatake su ɗauko shi daga Tarabulus a kan raƙuma, su keto Sahara da shi. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge zango ce ta ayarin raƙuma. Yau da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan murjani na kwalba ne ko na roba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, murjani ba tsiro ba ne, ba kuma dutse ne tun asali ba. Gidan wata 'yar ƙaramar dabba ce. Dabbar tana da taushi, ba ta da ƙashi, kuma yawanci ba ta fi ƙwayar dawa girma ba. Tana da baki a sama, da 'yan hannuwa kewaye da bakin, waɗanda take kama abinci da su. Ba ta yawo. Inda ta manne nan za ta zauna har ta mutu.

Ruwan teku yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa a narke, kamar yadda gishiri ke narkewa a miya. Dabbar murjani takan tsotso wannan sinadari ta gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri. Haka dodon koɗi yake yin katantanwarsa, haka kuma kaza take yin ɓawon ƙwai. Abu guda ne. Dabbobin murjani sukan zauna dubu-dubu manne da juna. In na ƙasa suka mutu, ƙoƙonsu yana nan, sai sababbi su yi gini a kansa.

Manomi ya san suri. Gara ƙanƙanuwa ce, amma in ta taru takan gina surin da ya fi mutum tsawo. To, haka murjani yake, sai dai shi ya fi gara jinkiri. Mai kama da dunƙule yakan ƙaru da misalin santimita 1 a shekara, wato bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Mai rassa kamar ƙahon barewa ya fi sauri, yakan yi santimita 10 ko fiye.

Jan murjani na ado daban yake da masu babban gini. Su masu ginin akwai abin da suke bukata. Suna son ruwan gishiri mai ɗumi, marar zurfi, mai haske garau. Dalili kuwa, a cikin jikinsu akwai wasu ƙananan tsirrai 'yan uwan gansakuka, da ido ba ya gani. Tsirran nan suna yin abinci da hasken rana, su ci, su ba mai masaukinsu. In laka ta gurɓata ruwa, haske ba ya shiga, sai murjani ya kasa. Shi ya sa babu manyan gine-ginen murjani a bakin tekun Legas da Fatakwal, inda koguna ke ta zubo da laka. Zafi in ya yi yawa shi ma illa ne. A 1998, da 2016, da kuma 2023 zuwa 2024, ruwan teku ya yi zafi fiye da ƙima, murjani mai yawa ya koɗe ya yi fari, wani ya mutu.

Dala da shanya

Dattawan Kano suna tuna dalar gyaɗa. Buhu kan buhu ake jerawa har ta yi tsini, tana jiran jirgin da zai kai ta Ikko. Suna kuma tuna yadda gyaɗa take a ƙauye kafin ta shiga buhu, an baza ta a ƙasa ana shanya. Gyaɗa ɗaya ce, zaman ne ya bambanta.

Murjani ma zama biyu yake yi. Wani wuri yakan yi gini hawa kan hawa har ya zama tudu a cikin teku, ya kusa taɓo saman ruwa, igiyar ruwa tana dukansa. Wannan shi ne tudun murjani, mai kama da dala. Mafi girma a duniya yana gefen ƙasar Ostareliya. Tsawonsa kilomita 2,300 ne, wato ya ninka tsohon layin dogo na Ikko zuwa Kano sau biyu.

Wani wurin kuwa murjani ba ya tashi sama. Yakan bi ƙasan teku ya rufe shi kamar tabarma, ya yi faɗi amma ba tudu. Masana suna kiran wannan shimfiɗar murjani. Ana samunta inda ƙasan teku yake a baje, ko inda ruwa yake da 'yar laka, ko inda wani abu yake kashe murjanin lokaci-lokaci kafin ya yi tsawo. Akwai irinta da rai a arewacin Bahar Maliya da tekun da ke gaban Dubai.

In teku ya janye, duka biyun sukan zama dutse, kuma ana iya bambanta su. Tsohon tudu yakan fito a jikin dutse kamar ƙaton curi, ba layi-layi. Tsohuwar shimfiɗa kuwa takan fito a miƙe, hawa guda a tsakanin sauran hawa. A ƙasar Ostiriya, wadda ba ta da teku ko kaɗan a yau, akwai farin dutse mai irin wannan shimfiɗa. An yi ɗaruruwan shekaru ana sassaƙa dutsen yankin ana gina birnin Biyana da shi.

Alhazai ma sun ga gini da dutsen murjani, ko da ba su lura ba. Tsofaffin benayen Jidda, masu tagogin katako, da shi aka gina su. Haka tsohon garin Sawakin na Sudan, inda alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suke shiga jirgin ruwa. In mutum ya matsa kusa da irin bangon nan zai ga 'yan ramuka a jere kamar saƙar zuma. Kowane rami ɗakin dabba guda ne.

Tekun da ya rufe ƙasar Sakkwato

Ba sai an je Jidda ba. A ƙasar Hausa ma akwai dutsen da teku ya bari.

Kalambaina tana kudu maso yamma da birnin Sakkwato, tafiyar misalin kilomita 6. A nan ne aka kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, ya fara aiki a 1967. Yau masana'antar tana hannun kamfanin BUA. Akwai ƙaton rami inda ake fasa farin dutse. A jikin dutsen nan ana samun katantanwa iri-iri, da ɓawo mai marfi biyu, da wata dabba mai ƙaya da za a iya kira bushiyar teku, da murjani. Akwai kuma ɓawon wasu ƙananan halittu da sai da madubin likita ake ganinsu, su ne ma suka fi yawa. Duk sun zama dutse.

Daga Sakkwato zuwa teku mafi kusa ya fi kilomita 700. Me ya kawo dabbobin ruwan gishiri nan?

Amsar ita ce, ba kawo su aka yi ba. A nan suka rayu. Bushiyar teku da murjani ba sa rayuwa a kogi ko tafki, sai a ruwan gishiri. Kuma ba ɗaya ko biyu aka tsinta ba, da za a ce wani matafiyi ne ya yar. Dutsen kansa da su aka yi shi, kuma kaurinsa ya wuce mita 20 a wasu wurare. Ya miƙa ta ƙarƙashin ƙasa har Birnin Kebbi, ya kuma haye iyaka zuwa Malbaza ta jihar Tawa a Nijar, inda su ma suke yin siminti da shi.

Masana duwatsu sun ƙiyasta shekarun dutsen Kalambaina tsakanin miliyan 55 da miliyan 60. Wannan lissafi yana da wuyar riƙewa a ka. In mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi kwana 11 da rabi kafin ya kai miliyan guda. A wancan zamani babu ɗan Adam a doron ƙasa, babu Sahara. Ruwan teku ya fi na yau tudu. Wani reshensa ya malalo daga arewa, ta inda Aljeriya da Mali da Nijar suke yanzu, ya rufe ƙasar Sakkwato da Kabi. Ruwa ne mai ɗumi, marar zurfi sosai.

Ƙasar Sakkwato hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka jibga. Ta ƙasa ita aka fara shimfiɗawa, ta sama ita ce ta baya-bayan nan. Masana sun raɗa wa kowane hawa sunan garin da ya fi fitowa fili. Akwai na Taloka, sai na Dukamaje a kansa, sai na Wurno, sai na Dange, sai na Kalambaina, sai na Gamba, sai na Gwandu a sama. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin waɗanda suka yi aiki mai yawa a kansu.

Hawan nan suna ba da labari. Na Dukamaje laka ce ta teku, wato ruwa ya shigo. Na Wurno yashi ne da turɓaya, ruwa ya ja baya. Na Dange da Kalambaina da Gamba na teku ne, ruwa ya sake dawowa ke nan. Na Gwandu kuwa yashi ne da yumɓu na koguna da tafkuna. Daga nan teku ya tafi bai sake komowa ba.

A hawan Dukamaje an haƙo ƙasusuwan kunkuru da kada da manyan kifaye. An kuma sami wani ƙaton ƙadangaren teku, mai tsawon mita 5 ko fiye, mai haƙora kamar na kada. Wasu masana daga Italiya sun raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, ma'ana ƙadangaren Goronyo. Ba a samun irinsa a dutsen Kalambaina. Dalili shi ne, shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Meziko. Ƙura ta rufe rana, kashi uku cikin huɗu na ire-iren halittu suka ƙare. Ƙadangarun teku suna cikinsu. Murjani ma ya sha wuya, amma wasu irinsa sun tsira.

To, murjanin Kalambaina dala ya yi ko shanya? Dutsen wurin a shimfiɗe yake, hawa-hawa, kuma yana da yumɓu a gauraye. Yumɓu alama ce ta ruwa mai laka, murjani kuwa ba ya son laka. Don haka kada wanda ya je ya sa ran ganin tudu irin na Ostareliya. Murjanin wurin yana cakuɗe ne da sauran ɓawo, kuma su ne suka rinjaye shi.

Yadda ɓawo ke zama dutse ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Dabba ta mutu, namanta ya ruɓe, ɓawonta ya kwanta a ƙasan ruwa. Wasu suka zubo a kansa, laka ta cika tsakani. Nauyin na sama ya danne na ƙasa. Ruwan da ke ratsawa ya bar sinadarin farar ƙasa a 'yan kafofin, ya liƙe su. Sannu a hankali tarin ya ƙame.

Daga rami zuwa buhu

Kafin 1957 duk simintin da aka yi gini da shi a Kano daga ƙasashen waje ya zo. Jirgin ruwa ya sauke a Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da shi, ya koma da gyaɗa da fatu. A 1957 aka buɗe masana'anta ta farko a Nkalagu. Ta Ewekoro, a jihar Ogun ta yau, ta biyo baya a 1960. Dutsen Ewekoro sa'an na Kalambaina ne, kuma an sami wasu ƙananan halittu iri ɗaya a wuraren biyu. Wannan ya sa masana da dama suke ganin ruwan arewa da na kudu sun taɓa haɗewa. Ta Ashaka a jihar Gombe ta fara aiki a 1979. Dutsenta ya girmi na Kalambaina, ya haura shekara miliyan 90, kuma cike yake da wata katantanwa mai naɗi kamar ƙahon rago.

Sakkwato dai ba ta taɓa samun layin dogo ba. Reshen da ya tashi daga Zariya ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929. Saboda haka simintin Kalambaina a mota yake fita.

Ba kowane buhu ne yake da irin wannan asali a bayyane ba. Dutsen Obajana a jihar Kogi ya fi waɗannan tsufa nesa ba kusa ba. Zafin cikin ƙasa ya gasa shi ya sake masa kama, ba a ganin ɓawo a jikinsa.

A masana'anta, ana fasa dutsen, a niƙa shi tare da yumɓu, a zuba a wani dogon bututu mai juyawa. Zafin wutar ciki yakan kai digiri 1,450, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Wuta takan kori iskar da ke cikin dutsen. In aka ƙona kilo 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa, kilo 44 yakan bi iska, 56 ya rage. Abin da ya fito yakan yi dunƙule-dunƙule kamar tsakuwa. Sai a niƙa shi da ɗan jifsam, wani dutse mai ƙyalli kamar gilashi wanda ke hana siminti saurin ƙamewa. Shi ma jifsam ana samunsa a lakar tsohon tekun nan, a hawan Dange da Dukamaje, kuma mutanen ƙauyuka sun daɗe suna haƙo shi suna sayarwa. Bayan wuta da niƙa babu sauran alamar katantanwa ko murjani. Sababbin layukan dogo na Kano zuwa Kaduna da Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, a kan gungumen kankare ake ɗora ƙarfensu, ba na katako ko na ƙarfe irin na dā ba.

Rijiya da gona

Wannan dutse ya shafi mutumin ƙauye ta wajen ruwa. Ruwan sama yana cin dutsen farar ƙasa kaɗan-kaɗan, ya yi masa kafofi da tsaga. A ƙarƙashin hawan Kalambaina kuma akwai lakar Dange, wadda ba ta barin ruwa ya wuce. Sai ruwa ya taru a cikin dutsen. Daga nan rijiyoyi da maɓuɓɓugai da yawa na yankin suke samun ruwa har da rani.

Ruwan irin wannan wuri yana da alama. Sabulu ba ya kumfa sosai, kuma yakan bar farin ɓawo a gindin tukunya. Wannan ba cuta ba ce. Haɗarin yana wani wuri. Yashi yana tace ƙazanta, amma tsagar dutse ba ta tacewa. Ruwan masai yana iya bin tsaga ya faɗa rijiya cikin ɗan lokaci, ya kawo amai da gudawa. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare. A ƙasa mai farin dutse, gara a ƙara nisan.

Garin dutsen yana da amfani ga masu kiwon kaji. Ana sa shi a abincin kaji masu ƙwai don ɓawo ya yi ƙwari. Yana kuma gyara gonar da ƙasarta ta yi tsami, amma sai malamin gona ya auna ƙasar tukuna, don ba kowace gona ke bukata ba.

Sai maganar fili. Dutsen nan a ƙarƙashin gonaki yake, kuma in an kwashe shi ba ya sake tsirowa. A dokar Nijeriya, ma'adinan da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Amma dokar haƙar ma'adinai ta 2007 ta ce mai haƙa zai biya diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da aikinsa ya shafa. Ta kuma ce sai ya yi yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin kan abin da za su amfana da shi, kafin ya fara aiki. Duk wanda aka kawo wa takarda kan gonarsa, kada ya dangwala hannu sai ya karanta, ko wani amintacce ya karanta masa. Ya kuma riƙe kwafe guda a gida.

Masu haƙar rijiya da manoma su suka fi kowa cin karo da irin waɗannan abubuwa. Wani ya ɗauka aikin aljanu ne, ya jefar. Wani ya kai wa mai magani. Wanda ya tsinci katantanwar dutse, ko haƙori, ko ƙashi, abin da ya fi shi ne ya lura da wurin da zurfin da ya same shi, don masana sun fi bukatar sanin hawan da abin ya fito. Akwai sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Bayero a Kano. Malamin makaranta ko na gona yana iya taimakawa a kai musu.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane dutsen farar ƙasa. A kankare shi da wuƙa ko ƙusa, zai karce ya ba da farin gari. A matsa lemun tsami a kan garin, a kawo kunne kusa. Za a ga 'yan kumfa suna tashi, a ji yana ɗan sauti. Kada a gwada da ruwan batir, yana ƙona fata da ido. In aka ɗauki tsakuwar layin dogo ta tashar Kano aka yi mata haka, wuƙa ba za ta karce ta ba, kumfa kuma ba za ta tashi ba.